Allurar da Wilfred Ya Ɓoye Mini

Ku da kuke ta rubuto mini "Lizzy kin dace, Allah Ya ba mu irin naki," ku ɗan dakata da taya murnar nan. Na karanta saƙonninku duka, na kuma gode. Amma abin da zan faɗa muku yau ko Debby aminiyata ban gaya wa ba.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da labarina, sunana Elizabeth, Lizzy ake kirana. A Kamazou muke zaune ni da Mama, a gidan da Baba ya gina kafin masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rufe. Bai jima ba bayan nan Allah Ya yi masa rasuwa. Mama tana sayar da acca da wake a kasuwar Sabo, ni kuma ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare mai zaman kanta. Mu biyu ta haifa. Ɗayan shi ne yayana Benjamin, wanda hotonsa ke rataye a falonmu, sama da talabijin, yana murmushi cikin farar rigar mawaƙan coci.

Na sha ce muku sikila ce ta kashe Broda Ben. Haka muka faɗa wa kowa, har Baba Fasto. Gaskiya ce, amma rabinta.

Tun yana ƙarami yake fama. In damina ta kankama sanyi ya shiga ƙashinsa, sai ka ji yana cizon filo don kada Mama ta ji kukansa. Wata rana da ciwon ya tashi aka kwantar da shi, aka yi masa wata allura da ake kira penta. Kafin ka ce kwabo ya yi barci kamar jariri. Mama har rawa ta taka a bakin gadon. Daga baya ya gano ba sai ya je asibiti ba, akwai wani mai kemis da ke sayar masa ba tare da ya tambayi takardar likita ba. Da farko sai ciwo ya tashi yake yi. Sannu a hankali ranar ciwo da ranar lafiya suka zama ɗaya.

Ruwan allurar a cikin wata 'yar kwalba yake zuwa, sai an karya wuyanta. Tana da wata ƙara, ƙas, 'yar siririya. Ɗakina da nasa bango ɗaya ne ya raba, don haka na san ƙarar nan fiye da yadda na san ƙarar wayata. Cinyoyinsa suka taurare kamar itace, gwiwarsa ta daina lanƙwasuwa, wuraren da yake sokawa suka fashe suka zama gyambo. Ni nake wanke masa da ruwan gishiri kafin in tafi makaranta. Ranar da zazzaɓi mai zafi ya rufe shi muka kai shi asibiti, likita ya ce ƙwayoyin cuta sun bi ta gyambon sun shiga jini. Bai dawo gida da ƙafarsa ba.

Har yau ɗakinsa a rufe yake. Har yau kuma in ɗalibi ya karya fensir a aji, sai in ji gabana ya yanke ya faɗi, in juya ina neman ƙofar da ba ta nan.

To, ga Wilfred.

A wurin bikin wata 'yar cocinmu a Rido muka haɗu. Ina rabon shinkafa, sai na lura da wani dogo baƙi yana tsaye jikin tanti tun farkon taro, alhali ga kujeru nan babu kowa.

"Malam, kujerar ba ta cizo," na ce masa.

Ya yi dariya. "In na zauna ba zan ga mai rabon shinkafa da kyau ba."

Kun san sauran. Ɗan Filato ne, yana gyaran injina a wani kamfani a Kudenda. Ba ya sha, ba ya hayaniya, in yana magana kamar yana tsoron ya tashi mai barci. Yana ɗan ɗingishi, ya kuma gaya mini dalili tun farko: mota ce ta kwashe shi a kan mashin a hanyar Kachia shekarun baya, aka sa masa ƙarfe a ƙugu. Kullum cikin wando mai faɗi da riga mai dogon hannu, a goge tsaf, ko da zafin Maris ne. Ga turare mai ƙarfi, wanda in ya tafi sai ya kwana a labulen falo. Ni duk a gayu na ɗauke su.

Mama kuwa tun zuwansa na farko ta rungume shi. "Ɗana" take ce masa. In ya kwana biyu bai zo ba, ni ce da laifi.

"Me kika yi masa?"

"Mama, aiki ne ya riƙe shi."

"Ke dai ki bi a hankali. Kin kusa talatin, sa'o'inki duk suna goyo. Irin yaron nan ba a tsintarsa a hanya."

Da na ce a ɗan jinkirta gaisuwar iyaye zuwa bayan Kirsimeti, kwana ta yi ba ta ci abincina ba. Ƙarshe dai aka sa rana. Anti Rhoda, ƙanwar Mama, ta ɗauki zancen anko a kanta kamar ita za a aura. Abu ɗaya ya rage: kwamitin aure na cocinmu ba ya sa hannu sai an kawo gwajin jini. Ni da na rasa ɗan'uwa ga sikila, ba sai an roƙe ni ba. Tuni na yi nawa. Na Wilfred ne ya ƙi zuwa.

Ga irin hirarmu a waya:

"Masoyi, yaushe za ka je gwajin?"

"Satin nan in Allah Ya yarda. Injin ɗaya ya tsaya, oga ya hana kowa fita."

Sati ya zagayo.

"Wil, Baba Fasto ya sake tambaya fa."

"Na sani, tawa. Ki yi haƙuri. Kin ci abinci?"

"Kar ka canza zance."

Sai ya turo hoton zuciya, ya sauka daga layi.

Na yi zargin abubuwa da yawa. Na ce ko yana da wata a Jos. Na ce ko ya san jininsa da nawa ba za su haɗu ba. Wallahi tunanina bai taɓa zuwa inda gaskiyar take ba, ni da ya kamata in fi kowa ganewa.

Ranar Asabar da ta wuce na ce bari in je in same shi ido da ido. Na dafa masa gwaten acca da yakuwa da gauta, irin wanda yake cewa yana tuna masa da mahaifiyarsa. Na sa doguwar rigar atamfata mai ruwan goro, wadda ya ce tana yi mini kyau, na ɗaura ɗankwali, na shiga Keke zuwa unguwar Television, daga nan na sake wani zuwa Kudenda. Ban gaya masa ina tafe ba.

Gidan haya ne na ma'aikata, ɗakuna a jere, igiyar shanya cike da rigunan aiki. Rana tsaka ce, tsakar gidan shiru sai ƙugin injinan kamfani daga nesa. Ƙofarsa a sakaye take. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa.

Ƙas.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ji kamar na koma ɗakina, kunnena jikin bango, Broda Ben yana can ɗaya gefen da rai. Har warin ɗakinsa na ji a hancina kafin in tura ƙofar.

Wilfred yana zaune a bakin gado da gajeren wando, ƙafarsa ta dama a miƙe sambal. Ban taɓa ganin ƙafafunsa ba sai ranar. Fatar cinyar ta yi baƙi tana sheƙi, duk ta lotsa nan da can kamar hanyar da ruwa ya cinye. Sama da gwiwa akwai gyambo a buɗe, gefensa ya kumbura. Sirinji na hannunsa.

Ban yi ihu ba. Na sunkuya na ajiye kular abincin a ƙasa a hankali, kamar in ta yi ƙara wani abu zai fashe.

"Lizzy." Ya jawo zanin gado ya rufe cinyar. "Ba abin da kike tunani ba ne."

"Penta ce," na ce.

Ya zuba mini ido. "Ya aka yi kika san sunanta?"

"Na wanke irin ƙafar nan har ranar da aka sa ta a akwati."

"Ben? Ba sikila kika ce mini ba?"

"Sikila ce ta fara. Wannan ce ta ƙarasa."

Ya sunkuyar da kai. Gumi na tsattsafo masa a goshi. Na jingina da bango.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan hatsarin." Ya share gumin goshinsa. "Lizzy, ki saurare ni ko sau ɗaya, daga nan in za ki tafi ki tafi. Ba don daɗi na fara ba. Ƙashin ya haɗe, haka hoton asibiti ya nuna, amma ciwon bai tafi ba. Kamar kare ya kafa haƙora a ƙuguna ya ƙi saki. In na tsaya yana nan, in na kwanta yana nan. Na koma asibiti har na gaji, wani likita ya ce mini a kaina ciwon yake. Ga aikinmu a tsaye ake yinsa tun safe. In ka yi fashi, akwai mutum goma a bakin get suna jiran gurbinka."

"Wa ya koya maka?"

"Tony. Tare muke aiki, shi bayansa ne ya lalace wurin ɗaukar kaya. Ya ga ina kuka a bayan injin wata rana, ya ce in biyo shi." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ranar na yi barcin da rabona da shi tun kafin hatsarin. Na ce ashe haka mutane suke rayuwa."

"Yanzu fa? Tana kashe ciwon?"

Ya girgiza kai. "Yanzu in na yi, ciwon yana nan. In ban yi ba, ya ninka, ga amai, ga rawar jiki. Ban san wanne ne na ƙugu, wanne ne nata ba."

Haka Broda Ben ya taɓa faɗa mini, kusan kalma da kalma. Na rufe ido.

"Shi ya sa ka ƙi zuwa gwaji."

Ya kau da kai. Can ya ce, "Na je."

"Ka je?"

"Ni kaɗai. Akwai lokutan da sirinji ɗaya muke amfani da shi ni da Tony, in babu sabo a kusa. Bara idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, 'yan'uwansa suka zo suka tafi da shi Binuwai. Ba na samun wayarsa yanzu. Tsoro ya kama ni, na je aka duba." Ya ɗago ya kalle ni. "Ina da ciwon hanta, Lizzy. Irin wanda ake ɗauka ta jini."

Ɗakin ya juya mini. Na ji bakina yana tambaya ba tare da na umarce shi ba: "Ƙanjamau fa?"

"Sun ce babu. Amma sun ce in koma a sake dubawa. Ban koma ba."

"Kuma da haka za ka tsaya gaban bagaden coci ka riƙe hannuna?"

"Kullum cewa nake gobe zan daina, in warke, sannan in gaya miki kamar labarin da ya wuce." Hawaye ya gangaro masa. "Kullum gobe."

Ku gaya mini, me ya kamata in yi? Wata za ta ce in tofa masa yawu in fita. Wata za ta ce in rungume shi. Ni ban iya ko ɗaya ba. Ina kallonsa, jikinsa na rawa, idonsa na komawa kan sirinjin nan ko da yake yana jin kunyata.

"Lizzy, don Allah... in ban yi wannan ba..."

"Ba zan ƙwace ba," na ce. "Na gwada ƙwacewa a wurin Ben, na san ba ta magani. Amma ba zan tsaya in kalla ba."

Na fita na tsaya a baranda. Wata mata tana kwashe shanya ta gaishe ni, "Amarya, sannu da zuwa," na amsa mata da murmushi. Har yanzu ina mamakin inda na samo murmushin nan.

Da na koma ya lafa, ya jingina da bango. Na dafa ruwa a risho, na zuba gishiri, na sa leda a hannuna biyu, na durƙusa. Hannuwana ba su manta ba. Suna aikin, ni kuwa ina wani wuri daban. Sai dai da na taɓa gefen gyambon na ji zafi rau kamar murfin tukunya.

"Wil, ƙafar nan ta kama. Ka tashi mu je asibiti."

"A'a."

"Zazzaɓi ne a jikinka."

"Kin san yadda suke kallonmu? Na taɓa zuwa da wani ƙurji. Ma'aikaciyar tana ganin cinyata ta kira 'yar'uwarta, ta ce zo ki ga ɗan ƙwaya. A gaban mutane. Gara in mutu a nan."

"Haka Ben ya ce. Kuma ya samu abin da ya roƙa."

Ya kama hannuna. "Kar ki gaya wa Mama. Ita kaɗai ce take kallona kamar mutum cikakke."

Na zare hannuna, na ɗauki jakata. Ban cire zoben alkawarin da ya sa mini ba, ban kuma yi masa alkawarin komai ba.

Da na iso gida na tarar da falo ya cika da atamfofi. Anti Rhoda ta baza samfurin anko a kan kujeru, tana ta zuba.

"Ga amarya! Zo ki zaɓa. Ni dai shuɗin nan na fi so, dangin ango su sa ja. Ke, me ya sami idonki?"

"Hayaƙin Keke ne, Anti."

"Ko dai angon ne ya sa ki kukan daɗi?" Ta tuntsire da dariya. Sama da kanta Broda Ben yana ta murmushinsa a bango.

Sai da magariba ta kawo jiki ta tattara ta tafi. Na sami Mama a kicin tana tankaɗen acca a faranti. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, Wilfred yana yin allura. Irin ta Broda Ben."

Na jira farantin ya faɗi. Na jira ta kira sunan Yesu. Hannunta bai ko tsaya ba.

"Na sani," ta ce.

Na ɗauka kunnena ne. "Kin me?"

"Tun ranar da ya fara shigowa gidan nan. Na miƙa masa kujera 'yar tsugunno, na ga yadda ya kalle ta, na ga yadda ya miƙe ƙafar kafin ya zauna. Da ya sunkuya gaishe ni kuma na ji abin da ke ƙarƙashin turaren." Sai a lokacin ta ajiye farantin. "Uwar da ta yi jinyar Ben ba a ɓoye mata wannan."

"Kika yi shiru? Kika dinga tura ni? Kika ƙi cin abincina don na ce a jinkirta?"

"Lizzy..."

"Yana da ciwon hanta, Mama! Kin san wannan ma?"

Nan ta dafe ƙirji. Wannan kam ba ta sani ba. Ta lalubi bango ta zauna a kan buhun wake.

"Ɗana Ben na kulle a ɗaki saboda bakin mutane," ta ce a hankali. "Ina shugabar zumuntar mata, yaya za a ji ɗana yana soka wa kansa allura? Na yi azumi, na yi addu'a, na hana ki faɗa wa kowa. Da na kai shi wurin masu taimako tun da wuri, wataƙila da yana nan. Kullum in na wuce ƙofar nan sai na ji yana kirana." Ta goge ido. "Da na ga yaron nan, mai hankali, ba uwa a kusa, sai na ce Ubangiji ne Ya sake ba ni dama. Na ce in ya shigo gidan nan, ni da ke za mu iya."

"Ni da ke? Kin tambaye ni?"

Ta sunkuyar da kai, na ci gaba.

"Ni ba asibiti ba ce, Mama. 'Yarki ce ni. Ni ma ina jin kiran nan da kike ji. Kina so in ƙare rayuwata ina kasa kunne a jikin bango?"

Tunda nake ban taɓa ɗaga wa Mama murya ba sai ranar. Ta rufe fuska da gefen zaninta tana kuka, ni ma ina yi, amma ba wadda ta matsa kusa da 'yar'uwarta. Kafin in kwanta na tura wa Wilfred saƙo guda: "Na gaya mata. Ba zan sake rufe wa wani ƙofa ya mutu a ciki ba." Ya karanta.

Washegari Lahadi. Mama ta shirya cikin zanin zumunta da farar riga, Littafi Mai Tsarki a hammata, ba mu ce wa juna komai ba ban da gaisuwa. Muna fitowa get sai ga Keke ya tsaya a ƙofar gida.

Wilfred ne. Da gajeren wando. A unguwarmu, da safiyar Lahadi, mutane na wucewa zuwa sujada cikin kwalliya. Ƙafar ta kumbura har ƙasa, tsumman da na ɗaura masa jiya ya jiƙe. Haƙoransa na haɗuwa saboda sanyin zazzaɓi. Maƙwabciyarmu ta ja burki da 'ya'yanta tana kallo, bai ko rufe cinyar ba. Yana rungume da wata 'yar baƙar jaka.

Ya yi ƙoƙarin rusunawa. "Mama, ina kwana. Ku gafarce ni."

Mama ta kalli maƙwabciyar, ta kalle shi. Na ga lokacin da tsohon tsoron nan ya taso mata a fuska, na kuma ga lokacin da ta haɗiye shi. Ta miƙa hannu ta taɓa goshinsa a gaban kowa.

"Yesu! Jikinka wuta."

Ya juyo gare ni. "Na zo ne kafin zuciyata ta canza. In na tafi ni kaɗai, na san kaina, a ƙofar kemis zan sauka. Ki raka ni, Lizzy. Ko daga bakin get ne ki juya."

Mama ta buɗe baki, sai kuma ta rufe. A karon farko ta bar mini maganar.

"Zan raka ka," na ce. "Amma ka ji da kyau. Babu gaisuwar iyaye, babu anko. Za ka faɗa wa likita komai, da ciwon ƙugun, da allurar, da hantar. In wata ta kira ka ɗan ƙwaya, ni zan amsa mata. Abin da zai biyo baya tsakanina da kai kuma, ban sani ba. Kar ka tambaye ni yau."

"Na yarda."

Muka shiga. Shi a gefe ƙafarsa a miƙe, ni a tsakiya, Mama ta matso ta zauna da kayan cocinta ba tare da kowa ya ce ta zo ba. Keke ya hau titi, iska na kaɗa ɗankwalinta. Kansa ya faɗo kafaɗata, zafinsa na ratsa rigata. Na ji wani abu mai kama da sauƙi yana shigata, irin wanda rabona da shi tun kafin rasuwar Ben. Na ce a raina, wannan karon dai mun fito da wuri.

Mun kusa Sabo na tuna za su tambayi tarihin aikin da aka yi masa.

"Ka taho da katinka na asibiti?"

"Yana cikin jaka," ya ce, ido a rufe.

Na zuge jakar na tura hannu. Sai ya zabura kamar an watsa masa ruwa.

"Lizzy, kar ki..."

Ya makara. Wani abu ya caki ɗan yatsana, siririn zafi kamar cizon tururuwa. Na fizge hannun. Ashe duk abin da ya rage a ɗakinsa ya tattaro zai miƙa wa likita, kwalabe da sirinjojin da ya riga ya yi amfani da su, wasu ko murfi babu.

Mu uku muka zuba wa yatsan ido. Jini ya taru a kansa, ɗigo ɗaya, ja wur.

Wilfred ya saki wani sauti da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Mama ba ta yi kuka ba. Ta fizgo ledar ruwa daga jakarta, ta yage da haƙori, ta kama hannuna tana kwarara mini a kai. Sannan ta daki bayan kujerar direba.

"Ɗana, taka da sauri," ta ce. "Marasa lafiya biyu ka ɗauko."